Hayaƙin Ɗakin Ajiya

A bayan gidan Katongo, a unguwar Chimwemwe ta birnin Kitwe, akwai ɗakin ajiya mai taga guda, wanda a da ake jibge buhunan garin masara da gawayi a cikinsa. An kwashe buhunan, an shafe bango da farin fenti, an kafa tebur da kyamara. Dubban ɗaliban sakandare, daga Solwezi har Chipata, sun san wannan tebur kamar yadda suka san tsakar gidajensu. Sun san farin bangon da jerin kwalaben, sun san hannuwa biyu da ke zuba wannan cikin wancan ba tare da ɗigo ya faɗi ba. Sun kuma san muryar da ke yi musu bayanin sinadarai cikin natsuwa, suna kiran mai ita Malam Katongo. Abin da ba su sani ba shi ne hannuwan ba na mai muryar ba ne.

Hannuwan na Lombe ne, yayarsa ciki ɗaya, wadda ta girme shi da shekara goma sha ɗaya, ake kiranta Ba Lombe don girmamawa irin ta yankin. Shekara ashirin da huɗu ta yi tana kula da ɗakin gwaji a wata makarantar 'yan mata, kafin a sallame ta ta dawo gidan ƙanenta da akwati biyu da tarin littattafan da ta cika da rubutun hannunta. Shi Katongo ilimin kasuwanci ya karanta, amma Allah ya ba shi murya da fuska. Aikin sai ya rabu uku. Lombe ke rubuta darasi, ita ke yin gwajin da safe, sanye da farar riga mai dogon hannu da safar roba, don kada a gane hannun mace ne. Katongo yakan zauna a baranda da yamma, a inuwar mangwaro, ya karanta abin da ta rubuta cikin makirufo. Matarsa, Bana Sampa, wato Maman Sampa a harshen yankin, ita ke haɗa murya da hoto a kwamfuta ta ɗora a intanet. Katongo bai taɓa zama ya kalli darasi guda daga farko har ƙarshe ba. Abin da yake karantawa kullum shi ne yabon da ake rubutowa a ƙasan bidiyon.

Wata Talata a watan Oktoba, lokacin da zafin da ke gabatar damina ya kai matuƙa, aka zo darasin jan ƙarfe da asid. Duk wanda ya yi aiki a ɗakin gwaji ya san hayaƙin da ke tashi idan waɗannan biyu suka haɗu: launin tsatsa gare shi, yana da kyan gani, yana kuma cin huhu. Lombe ta jera kayanta, ta tura tagar ta buɗe. Bana Sampa ta shigo da waya a hannu, ta jawo tagar ta sa sakata.

"Bana Sampa, bar mini tagar nan."

"Haba, Ba Lombe! Kun san iska watsa hayaƙin take yi. Wancan makon wata malama ta rubuto daga Mansa, wai ɗalibanta ba su ga launin komai ba, kamar ana tafasa ruwan shayi. Minti biyu ne fa, ba kwana za ku yi a ciki ba."

"To mu fita da teburin tsakar gida."

"Kaji su shigo mana hoto? Ga rediyon maƙwabta, ga rana tana sauya haske. Kuma dai..." Ta duba wayarta. Ba sai ta ƙarasa ba. Katangar gidan gajeriya ce, duk wanda ya leƙo zai ga mai riƙe da kwalbar.

Ta kunna kyamara, ta fita, ta ja ƙofa. Daga waje take kallon hoton a wayarta tana ba da umarni. Lombe ta ja numfashi ta riƙe, ta zuba. Hayaƙin ya taso yana murɗawa, ya yi kyau ƙwarai a kan farin bangon. Sai dai mutum ba ya iya riƙe numfashi minti biyu yana aiki da hannu.

"A sake, Ba Lombe! Hannunku ya tare gilashin."

Sau uku aka yi kafin Bana Sampa ta gamsu. Da yamma Lombe tana kwance a ɗakinta, ƙirjinta kamar an barbaɗa barkono, ta jiyo muryar ƙanenta daga baranda, mai taushi, mai cike da kulawa.

"Ɗalibaina, ku saurara da kyau. Wannan hayaƙi guba ne. Kada malami ko ɗalibi ya kuskura ya yi wannan gwaji a rufaffen ɗaki. Ran ɗan Adam ya fi kowane darasi."

Ita ta rubuta gargaɗin. Jimlar ƙarshe ce kawai ya ƙara da kansa, don ya ji ta yi daɗi a baki.

Ranar Lahadi, da aka zauna cin abincin rana, nshima, wato tuwon masara, da ganyen kabewa da ƙananan kifin kapenta, Lombe ta ajiye wa ƙanenta takarda kusa da kwanonsa. Zanen akwati ne na katako da gilashi, da ƙaramar fanka a sama, da bututu mai fitar da hayaƙi ta bango. Kafintan bakin kasuwa zai haɗa shi cikin yini biyu.

Katongo ya ɗauka da hannun hagu ya duba, yana murza loma da na dama. "Kai, Yaya! Ashe injiniya aka yi asara. Zanen ya yi. Amma ku duba lokaci. Saura mako uku 'yan aji sha biyu su shiga jarrabawa. In muka fasa bango yanzu, ƙura da buge-buge, mako guda ya tafi. Akwai makarantu a Luapula da ba su da ko kwalba ɗaya, yara sittin ke taruwa a kan wayar malami guda don su ga abin da za a tambaye su. Me zan ce musu? Su dakata, yayata tana tari?"

"Ba tari kaɗai ba ne, Katongo. Numfashina raguwa yake yi."

"Wa ba ya tari a Kitwe?" in ji Bana Sampa, tana zuba wa mijinta ruwa. "Mu da muka tashi muna shaƙar hayaƙin ma'adinai? Babana shekara talatin ya yi yana tari, ya kai tamanin, kuma daga kan keke ya faɗo ya mutu."

Katongo ya yi dariya har ya ƙware. Da ya natsu ya ce, "Bayan jarrabawa, Yaya. Na yi muku alkawari."

Jarrabawa ta zo ta wuce. Sai aka ce hutu ne lokacin da yara suka fi kallo, a yi jerin darussa a kan kayan da ake ƙera abubuwa da su: dalilin da kwanon rufi ke tsatsa, yadda ake gauraya ƙarafa, yadda ake bambance robobi ta hanyar ƙona su a ga launin wutar da na hayaƙin. Roba iri bakwai Lombe ta ƙona a ɗakin, ɗaya bayan ɗaya. Da aka koma makaranta a Janairu, aka ce ai yanzu ne sababbin ɗalibai ke shigowa, ba a tsayawa. Wata safiya ta sunkuya ɗaukar murfin kwalba, ta ga takardar zanenta an ninke ta an tokare ƙafar teburin da ke rawa.

Tarin ya zama mata abokin zama. Idan ya taso tana tsakiyar gwaji, hannunta yakan girgiza, hoton ya lalace, a sake daga farko. Gwajin da a da ake yi sau biyu ya koma sau biyar. Yawan tarin ke jawo yawan maimaitawa, yawan maimaitawa ke ƙara tarin, kuma babu wanda ya ga haka a gidan sai ita. Bana Sampa abin da ta gani shi ne aikinta ya ƙaru, domin ana son a ji ƙarar tafasar sinadari a bidiyo, ba a son a ji tari.

"Ba Lombe, ku riƙa daurewa mana. Jiya tari goma sha shida na yanke a darasi guda. Har wuri na buɗe musu a kwamfuta, in sun taru mu fitar da faifai."

Wata rana kuma Lombe ta tarar an ware mata kwano da kofi da cokali, an ɗaure musu jan zare, an ajiye su a kan taga, nesa da na gida. "Ba don komai ba," in ji Bana Sampa. "Kun san yara za su zo hutu. In tarin fuka ne, gara a yi hattara." Tsoron ciwon ya isa a ware mata kwano, amma bai isa a kai ta asibiti ba.

Abin da ya fi ci mata rai a coci ya faru. Shekara da shekaru ita ke ɗaga waƙa a zumuntar mata, sauran su amsa. Wata Lahadi a watan Afrilu ta ɗaga, ta kai tsakiyar baiti, iska ta ƙare mata. Mata arba'in suka tsaya da baki a buɗe suna jiran ta ƙarasa don su amsa. Bana Kunda, gwauruwar da ke tsayawa kusa da ita, ta karɓe waƙar, ta riƙe mata gwiwar hannu har aka zauna. Daga ranar Lombe ta koma benci na baya.

Bana Kunda ce ta ja ta zuwa asibiti a watan Yuni, da sanyi ya shigo. Likitan, wani dattijo mai tabarau, ya ɗaga hoton ƙirjinta a haske ya daɗe yana dubawa.

"Mama, ba tarin fuka ba ne. A wace mahaƙa kuka yi aiki? Ƙarƙashin ƙasa, ko wurin narka ƙarfe?"

"A gidan ƙanena."

Ya sauke tabarau ya dube ta, ta ba shi labari a taƙaice. Ya yi rubutu mai tsawo, sannan ya gaya mata gaskiya ba tare da ado ba. Hanyoyin iskar huhunta sun yi tabo. Abin da ya tafi ba zai dawo ba. Abin da ya rage ana iya tsare shi, in ta rabu da hayaƙi daga yau.

Ta tarar da Katongo yana wanke mota a ƙofar gida. Ta miƙa masa takardar likita. Ya goge hannu a wando ya karanta, fuskarsa ta sauya. Har ta fara zaton tausayi ne.

"Kun ambaci sunana?"

"Na ce ƙanena."

"Ƙanne nawa gare ku a Kitwe? Likitan nan yana da yara a makaranta, yana da mata mai zuwa kasuwa. Kun san abin da zai faru in magana ta fita?" Ya jefa soson cikin bokiti. "Ke fa ba ki da godiya! Wa ya ɗauke ki da makaranta ta sallame ki? Wa ke ciyar da ke? Shekara ashirin da huɗu kina shaƙar sinadaran gwamnati ba ki kai ƙarar kowa ba, sai nawa na wata takwas ne guba?"

Tun tana goya shi a baya zuwa rijiya bai taɓa ce mata "ke" ba. Ta karɓi takardarta ta ninke ta sa a ƙullin zane. A nan ne wani abu ya sauka cikin zuciyarta ya kwanta, kamar yadda gari ke kwantawa a gindin kwalba ya bar ruwa garau a sama. Fuskarta ta yi garau. Ta shiga gida ta ɗauki kwanonta mai jan zare ta ci abinci.

Washegari Bana Sampa ta sayo mata takunkumin ƙyalle a kasuwa, mai zanen furanni. "Ga shi, kada a ce ba ma kula." Lombe ta san ƙyalle ƙura yake tarewa, ba ya tare guba. Ta ce ta gode, ta ɗaura, ta shiga ɗakin. Ba ta da inda za ta, kuma ba ta son ta fita kamar wadda aka kora, a ce tsufa ne ya kama ta. Jira take yi. Ba ta san abin da take jira ba, amma ta san mutumin da ya gina sunansa a kan hannun wani, wata rana za a ce ya nuna nasa.

Ranar ta zo a watan Agusta. Katongo ya shigo ɗakinta da kansa, da shayi da burodi a faranti, ya durƙusa a bakin gado kamar yadda ake yi wa manya.

"Yaya, barkanku da hutawa. Yaya ƙirjin?"

"Yana nan inda ka bar shi."

Ya yi kamar bai ji ba. Ƙungiyar malaman kimiyya ta lardi za ta yi taronta a Ndola ranar Asabar. Malamai ɗari biyu za su zo, da mutanen da za su zaɓi darussan da za a zuba a na'urorin makarantun karkara. An gayyaci Malam Katongo ya yi gwaji biyar a gabansu, ido da ido.

"Abu ne mai sauƙi, Yaya. Ku haɗa mini komai a kwalabe, ku sa musu lamba, ɗaya zuwa tara. Ku rubuta mini: zuba ɗaya cikin biyu, ka ce kaza. Ku tsaya a bayana kamar mai taimako, kuna miƙo mini. In wannan ya yiwu, akwatin fitar da hayaƙin nan naku har biyu zan sa a yi."

Ta dube shi tsawon lokaci. Hancin mahaifiyarsu gare shi. Ta ga ya kamata ta ba shi ƙofa guda.

"Ba za ka shigo ɗakin ka gwada ko sau ɗaya ba, kafin ranar?"

"Ina da jawabin da zan haddace. Kuma gaskiya warin ɗakin nan ciwon kai yake sa ni."

"To," in ji ta. "Zan haɗa maka."

Ranar Juma'a da safe ta shiga ɗakin ita kaɗai. Ta wanke kwalabe tara masu duhun gilashi, waɗanda ba a ganin abin da ke cikinsu, ta jera. Ta ɗauko babbar kwalbar asid ta riƙe. Ta san abin da za ta sa a ta uku da ta huɗu wanda, in ya haɗa su da hannunsa na marar sani, zai tashi ya same shi a fuska, fuskar nan da yake shafa wa mai kowace safiya. Ta san shi kamar yadda ta san sunanta. Ta tsaya tana jin daɗin tunanin, ba ta kuma ji kunyar jin daɗin ba. Sai ta tuna 'yan mata dubu nawa suka wuce ta hannunta cikin shekara ashirin da huɗu, ba wadda ta fita da tabo ko a ɗan yatsa. Ta tuna kuma za a sami malamai a benci na gaba waɗanda ba su yi mata komai ba. Ta mayar da asid ɗin wurinsa. Ta ɗauki kwalaben a tire ta fita tsakar gida, ta cika su ɗaya bayan ɗaya a famfon da yake wanke mota. Ta manna lamba. Sannan ta zauna ta rubuta masa takardarsa da kyakkyawan rubutu, ba ta ambaci launin komai a ciki ba.

Zauren taron ya cika har bakin ƙofa. Katongo ya hau dandamali da farar riga sabuwa, tabarau na gwaji a goshi. Da ya ce "Ɗalibaina" cikin muryar nan da kowa ya sani, malamai masu furfura suka yi tafi suna dariya. Ya yi magana a kan yaran karkara har wata malama ta share ido. Lombe tana bayansa da safar roba, tana jan iska a hankali ta hanci.

"Yanzu sai aiki. Wannan narkakken gishirin jan ƙarfe ne, arzikin ƙasarmu."

Ta miƙa masa kwalba ta ɗaya. Ya zuba a gilashi ya ɗaga sama don na baya su gani. Ruwa ne fari tas. Wani guna-guni ya taso daga benci na gaba ya bi layi zuwa baya. Katongo ya ɗauka sha'awa ce. Ya karɓi ta biyu ya zuba.

"Ku lura da yadda launin ke sauyawa."

Suka lura. Babu abin da ya sauya. Ya girgiza gilashin, ya ƙara zubawa.

"Malam," wani ya ɗaga murya daga baya, "ko launin ya tsaya a shingen 'yan sanda ne a hanyar Kitwe?"

Aka kwashe da dariya. Katongo ya yi murmushi, gumi ya tsattsafo masa a wuya. "Kun ga irin sinadaran da ake sayar mana a zamanin nan. Mu wuce na gaba." Ya haɗa ta uku da ta huɗu, ya ja da baya kamar yadda takarda ta ce, yana jiran kumfa. Ruwa ya zauna a cikin ruwa.

Wata tsohuwar malama ta miƙe daga benci na gaba, siririya, da sanda a hannu. "Malam Katongo, ajiye gilashin. Sinadari yana lalacewa, kowa ya sani. Tambaya ɗaya kawai. Gishirin jan ƙarfen nan da ka fara zubawa, wane launi ya kamata ya kasance tun daga kwalba?"

Ya duba takardarsa. Ya juya ta. Ya waiwayo ya dubi yayarsa, idonsa irin na lokacin da yake yaro in ya fasa tulu. Lombe ta dube shi, ba ta motsa leɓe ba. A lardin da ko mai sayar da tumatir ta san shuɗin wannan gishiri, ya gyara murya ya ce:

"Ja, mana. Jan ƙarfe ai."

Wannan karon ba a yi dariya ba. Tsohuwar ta hau dandamali a hankali, ta buɗe kwalaben ɗaya bayan ɗaya, tana kaɗo iskar bakinsu zuwa hancinta da tafin hannu. Ta rufe kwalba ta tara ta ce, "Ruwa ne. Duka."

"Mai taimaka mini ce ta yi kuskure," in ji Katongo da sauri. "Ku yi mata uzuri, shekaru ne, ga rashin lafiya."

Lombe ta tako ta tsaya gaban makirufo. Ta zare safar hannun ta ajiye a tebur. Iskarta ba ta isa doguwar magana ba, sai ta yanka ta gajeru.

"Ban yi kuskure ba. Sunana Lombe, yayarsa ce ni. Darasi ɗari da arba'in da kuke nuna wa yaranku, hannun nan ne. Rubutun ma nawa ne. A ɗakin ajiya nake yi, taga a rufe, ƙofa a rufe, don hayaƙi ya yi kyau a hoto." Ta kwance ƙullin zanenta ta miƙa wa tsohuwar takardar likita. "Ku karanta musu. Ni ba zan iya ba."

Tari ya kama ta a nan, mai tsawo, mai fitowa daga can ƙasa. Lasifikokin zauren suka ɗauke shi suka kai kowace kusurwa. Malamai ɗari biyu, waɗanda kowannensu ya san abin da wannan hayaƙi ke yi wa huhu, suka zauna suka saurara har ya ƙare.

A wurin ajiye motoci Katongo ya tarar da ita zaune a kan dakali tana mayar da numfashi. Ya cire farar rigar ya dunƙule ta a hannu. Bana Sampa tana cikin mota, ta rufe fuska da mayafi.

"Yaya, kun kashe ni. A gaban duniya kun kashe ni."

"Ruwa ne, Katongo," in ji ta. "Ruwan famfonka. Ko rigarka bai ɓata ba."

Motar ta tafi ba da ita ba. Malaman Kitwe suka ɗauko ta a motarsu, suka sauke ta a gidan Bana Kunda. Washegari aka aiko mata da akwatunanta biyu. Littattafan ba su zo ba.

Mako biyu bayan haka kawunsu, Ba Chishimba, ya iso daga Kasama da dattawa biyu, tafiyar yini guda a mota. Wata goma Lombe ta yi tana tari a gidan ƙanenta. An ji ta a waya a lokacin Kirsimeti, an gan ta a jana'iza a watan Maris tana dafa bango, babu wanda ya hau mota. Ƙanenta ya ji kunya ta rabin sa'a, sai ga dangi da jakunkuna. Haka ake auna ciwo a gidaje da yawa: wanda ya sha a ɓoye ba a lissafa shi, wanda aka gani a fili shi ke tara mutane. Maƙwabtan da suka riƙa kwashe shanyarsu da safe saboda warin da ke fitowa ta ƙarƙashin ƙofar ɗakin ajiya, su ma sun zo, suna cewa ai su ba su taɓa sanin komai ba.

Aka zauna a falon Bana Kunda. Katongo ya durƙusa a ƙasa, kai a sunkuye. Kawu ya yi magana mai tsawo. Ya ce yaron ya yi laifi, amma bai yi da nufi ba. Ya ce maganar gida a gida ake yinta, ba a gaban baƙi ba. Ya ce an janye masa aikin makarantun karkara, ana zaginsa a intanet, yaransa ba sa iya fita. Ya ce jini ɗaya ne.

"'Yata, ki duba girmana. Ki ce kin yafe, mu koma da farin ciki."

"Kawu, kun karanta takardar likita?"

"An gaya mini abin da ke ciki."

"An gaya muku ba ya dawowa?"

Kawu ya dubi dattawan, dattawan suka dubi ƙasa. Ɗaya daga cikinsu ya ce tunda magana ta yi nauyi, a sa Allah a ciki. Aka miƙe aka kama hannu, aka fara addu'ar nan da aka koya wa kowa tun yana yaro. Lombe ta bi su da muryarta, kalma bayan kalma, ta roƙi abincin yini tare da su. Da aka zo wurin da mutum ke roƙon a gafarta masa gwargwadon yadda shi ya gafarta wa waɗanda suka yi masa laifi, muryarta ta ɗauke. Sauran suka rage sauri, suka tsaya, suna jiran ta. Katongo ya ɗago kai.

Tana tsaye, bakinta a buɗe, kafaɗunta suna hawa suna sauka. Ko iska ce ta ƙare mata, ko kalmomin ne suka ƙi fita, babu wanda zai iya cewa a ɗakin, kuma babu mai ƙarfin halin tambaya. Suka jira. Ta sami numfashinta, ta ja shi a hankali har ya cika mata abin da ya rage na ƙirji. Sannan ta saki hannun kawunta, ta zauna, ta ce su ƙarasa.